Yadda Ake Juya Muryar Ogan da Hannu Ana Tsaka da Kiɗa

Ogan ba ya jin ƙarfin yatsa. Ko ka taɓa maɓalli a hankali ko ka maka masa duka, sautin da zai fito ɗaya ne, kuma haka zai tsaya cak har sai ka ɗage hannu. Wanda ya taso da fiyano shi wannan abu ya fi ɗaure wa kai, domin duk dabarar da ya sani ta sassauta kiɗa ko ta ɗaga shi a kan yatsunsa take, a nan kuwa ba ta cin kasuwa. Ran ogan a wurare uku yake: sandunan da ake ja, fedar da ake takawa, da makunnin da ke sauya gudun lasifika mai juyawa. In waɗannan ukun suna cikin allon kwamfuta, sai ka kama maus kafin ka kai gare su, to sautin ogan kawai ka mallaka, kiɗansa bai zo hannunka ba tukuna. Shi ya sa sau da yawa za ka ji an ɗora ogan a kan waƙa amma ya fito a sandare, murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Maganin abin ƙaramar kwantirola ce mai sanduna ko silaidodi tara, wadda za ka ajiye kusa da hannunka na hagu. Ita ba ta fitar da sauti ko kaɗan, saƙo kawai take aikawa ta hanyar MIDI, yaren da kayan kiɗa na lantarki suke magana da juna da shi tun 1983.

Fara sanin abin da kake ja

Kusan duk manhajar ogan da za ka ci karo da ita kwaikwayon Hammond take yi, musamman ƙirar B-3 da ta fito a tsakiyar shekarun 1950. Laurens Hammond ya fara sayar da oganinsa a Amurka a 1935. A cikinsa akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe 91 masu haƙora a gefe, suna juyawa a gaban maganaɗisu, kowanne yana ba da sauti guda tsantsa. An daina ƙera irin wannan a 1975. Nauyin B-3 da bencinsa da maɓallan ƙafarsa ya doshi kilo 200, kuma gudun injinsa a ɗaure yake da bugun wutar da aka jona shi, ta yadda in janareta ya yi tangal-tangal sautin ma zai karkace. Ga mai zama a Kano ko Jos ko Damagaram, manhaja da kwantirola ita ce hanyar da hankali zai ɗauka.

Kowane maɓalli da ka danna yana iya fitar da muryoyi tara a lokaci guda, kuma kowace sanda ita ke buɗe wa murya ɗaya ƙofa. Sunayensu daga hagu zuwa dama, da tsawon bututun ogan na coci aka raɗa su, a ma'aunin ƙafa: 16, sai 5 da 1/3, sai 8, sai 4, sai 2 da 2/3, sai 2, sai 1 da 3/5, sai 1 da 1/3, sai 1. Ɗauka ka danna do. Sanda ta uku, mai lamba 8, ita ce do ɗin da ka danna. Ta farko tana ba ka do na ƙasa da shi, ta biyu ta ba ka so na sama da shi. Ta huɗu da ta shida da ta tara duk do ne, kowacce ta fi ta bayanta tashi sama. Ta biyar da ta takwas so ne, ta bakwai kuwa mi ce. Launinsu ma magana yake yi: biyun farko ruwan ƙasa ne, su ke ba da kauri, farare huɗu duk do ne, don haka ba sa rigima da kowa, baƙaƙe uku su ne masu kawo so da mi, masu sa sauti ya yi yaji, kuma su ne ke ɓata kod, wato maɓallai da yawa da aka danna tare, in aka cika su.

Kowace sanda tana da matakai daga 0 zuwa 8. A tura ta ciki gaba ɗaya, 0 ke nan, shiru. A jawo ta waje har ƙarshe, 8 ke nan. Tsakanin mataki da mataki akwai kusan desibel 3. Da waɗannan lambobi makaɗa ke rubuta haɗin sauti: 888000000 yana nufin ukun farko a waje, sauran shida a ciki. Shi ne haɗin da aka san Jimmy Smith da shi a kiɗan jaz, kuma daga gare shi za mu fara komai.

Mataki na farko: kayan da za ka tara

Kibod kowane iri ne zai yi, muddin yana fitar da MIDI, har da Yamaha PSR ɗin da ke cikin kusan kowace situdiyo da majami'a. Mai maɓallai 61 marasa nauyi ya fi dacewa, don ogan yana son a shafa tafin hannu a kan maɓallai a zame, abin da kibod mai nauyin fiyano zai sa ka ji a fatarka.

Sai manhaja. Akwai setBfree wadda kyauta ce, akwai VB3-II ta kamfanin GSi, da B-3 V ta Arturia, da Hammond B-3X ta IK Multimedia. Mai amfani da Mac zai tarar da Vintage B3 a cikin Logic da MainStage. Duk suna aiki, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai bambancin da ke tsakanin mai motsa sanduna da wanda ya bar su a tsaye ba. Kada neman wadda ta fi kowacce ya cinye maka wata guda.

Kwantirolar ita ce inda ya kamata ka tsaya ka duba da kyau, kuma abin dubawa ɗaya ne: ƙirga silaidodin. Tara kake nema. Na'urori da yawa takwas gare su, domin don haɗa sauti aka ƙera su. Korg nanoKONTROL ta farko tara gare ta, amma nanoKONTROL2 da ta gaje ta takwas ce, kuma mutane da yawa sun saya kafin su lura. Akai MIDImix tana da takwas da guda ɗaya ta gefe, jimilla tara. Manyan kibod na Novation Launchkey da Arturia KeyLab da M-Audio Oxygen, masu maɓallai 49 ko 61, suna zuwa da tara a jikinsu, don haka duba abin da ke gabanka kafin ka tafi kasuwa. In da hali, sanduna na gaskiya irin na Crumar D9U sun fi daɗin hannu, saboda kawunansu a kusa da juna suke, yatsu huɗu za su kama huɗu a tare. In takwas ɗin ce kawai ta samu, ba a fasa ba: ka ɗora sanda ta bakwai a kan abin murɗawa, tunda ita ce aka fi barin ta a wuri ɗaya, ka bar wa ta tara silaidarta.

Sauran su ne feda mai lilo irin wadda ake taka ta gaba da baya, da fedar riƙe sauti wadda wataƙila kana da ita, da saun kad na waje.

Mataki na biyu: jona su, ka kashe jinkiri

Jona kibod da kwantirola kowanne a ramin USB nasa. Buɗe manhajar, ka shiga wurin saitin MIDI, ka kunna duka biyun. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe: maɓallai suna ƙara, sanduna ba sa motsi, ashe manhajar na'ura ɗaya take saurare. In a cikin manhajar naɗi irin Cubase ko makamanciyarta ka buɗe ogan, saita layin ya karɓi saƙo daga duk ƙofofin MIDI. A FL Studio kuwa, ba kwantirolar lambar ƙofa a saitin MIDI, sannan ka sa wannan lambar a saitin ita manhajar ogan ɗin, sai su ji juna kai tsaye.

Wanda ba ya son kwamfuta, yana da ogan na akwati ko kibod mai ogan a ciki, ya lura da wannan: kwantirola mai USB kaɗai ba ta magana da kibod mai USB irin nata, domin kowannensu jiran kwamfuta yake ta jagorance shi. Ko dai a nemi mai ramin MIDI na da, zagayayye mai ƙafa biyar, a ɗauko waya daga OUT ɗinta zuwa IN na ogan, ko a sa ƙaramin akwatin da ke tsayawa a madadin kwamfuta a tsakani.

Yanzu jinkiri. In ka danna maɓalli sauti ya biyo baya ko da ƙiftawar ido ne, hannunka zai rikice. A Windows zaɓi direban ASIO na saun kad ɗinka. Sa girman bafa (Buffer Size), wato gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a 128: a gudun ɗaukar sauti (Sample Rate) na 48,000 wannan bai kai milisakan 3 ba. In sauti ya fara tsattsagewa, ɗaga zuwa 256, wanda ya ɗan haura milisakan 5, har yanzu ana kiɗa da shi lafiya. Daga 512 zuwa sama yatsa yana fara ji.

Mataki na uku: raba wa kowace sanda lambarta

Duk silaidar da ka motsa tana aika abu uku: tashar da take magana a kai, daga 1 zuwa 16, lambar CC, wato sunan abin da take taɓawa, da darajar inda take, daga 0 zuwa 127. Manhajar ce ke yanka wannan 0 zuwa 127 gida tara ta mai da shi 0 zuwa 8.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar manhajar ta koya da kanta. Nemi inda aka rubuta MIDI Learn, danna sandar farko a allo, motsa silaidar farko a hannunka, sun ƙullu. Bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada yatsa ya gogi ta kusa. Ka gama ka adana nan take.

Ni dai na fi son ɗaya hanyar, ko da ta fi cin lokaci: a buɗe littafin manhajar a ga lambobin da take jira tun asali, sai a saita kwantirolar ta riƙa aika su. Wasu manhajoji daga 12 zuwa 20 suke jira, wasu daga 70 zuwa 78. Amfanin wannan shi ne ranar da ka sake zuba manhajar, ko ka tafi da kwantirolarka situdiyon wani, komai zai kama aiki ba tare da ka sake koyar da kowa ba.

In kai za ka zaɓi lambobi da kanka, akwai waɗanda suke da masu su. Lamba 0 da 32 na sauya rukunin sautuka ne, 1 ta ƙafar murzawa ce da ke gefen kibod, 7 ta ƙarfin sauti, 10 ta karkata sauti hagu ko dama, 11 ta feda mai lilo, 64 ta fedar riƙe sauti. Daga 120 zuwa 127 kuwa kada ka kusance su, domin a cikinsu akwai masu kashe duk sautin da ke fita. Daga 20 zuwa 28 fili ne, haka daga 102 zuwa 110.

Sai abin da ya fi kowane muhimmanci a wannan mataki, wato juya alkibla. Silaida, turawa sama ake yi ta ƙara. Sandar ogan kuwa jawowa ake yi wajen ƙirji. In ka bar su yadda suka zo, hannunka zai je gabas sandar allo ta je yamma. Wasu kibod suna da yanayin ogan da ke juya su da dannawa ɗaya. In babu, shiga manhajar saita kwantirolar ka musanya iyakokin kowace silaida: ƙaramar daraja ta zama 127, babba ta zama 0. Ko ka nemi Invert a cikin manhajar ogan. Wuri ɗaya za ka juya, in ka juya a biyu ka dawo gidan jiya. Wani zai ce me ya dame shi, ai zai saba da turawa sama. Zai saba, amma ranar da ya zauna gaban ogan na gaske, ko ya so ya kwaikwayi hannun wani gwani da yake kallo, sai ya warware duk abin da ya koya. Kuma jawowa ta fi dacewa da hannu, don yatsu sun fi iya lanƙwasowa su ɗauko uku ko huɗu a tare.

Ka gwada: tura duka ciki, danna maɓalli, ya kamata ka ji shiru. Jawo ta uku kaɗai, 008000000, za ka ji murya siririya mai tsabta kamar ta sarewa. Mai da ita, ka bi sauran ɗaya-ɗaya, kana kallon allo kana tabbatar da kowacce ta kai 0 ta kai 8. In wata ta tsaya a 7, iyakarta ce ba ta cika ba.

B-3 hawa biyu na maɓallai gare shi, da na ƙafa. Al'adar manhajoji ita ce hawan sama a tasha 1, na ƙasa a tasha 2, na ƙafa a tasha 3. Da kibod ɗaya za ka iya raba shi gida biyu, hagu ya zama hawan ƙasa. Shawarata: saita hawan ƙasa sau ɗaya, misali 838000000 in kai ke riƙe da bes, ka bar shi, silaidodin taran su zauna a hawan sama. Masu sauya su tsakanin hawa biyu da makunni suna gamuwa da tsalle: silaida tana 2 a hannu, sandar allo tana 8, kana taɓa ta sauti ya faɗo ƙasa tim a gaban jama'a. Haka ma yake faruwa in ka kira ajiyayyen saiti. In manhajarka tana da Pickup ko Soft Takeover kunna shi, sandar ba za ta motsa ba sai silaidar ta iso inda take.

Kafin ka tashi, samo salatif mai launi ko fentin farce ka yi wa kawunan silaidodin alama: biyu ruwan ƙasa, biyu farare, baƙa, fara, baƙaƙe biyu, fara. Ajiye kwantirolar a saman kibod ta hagu, ka manne ta yadda ba za ta biyo hannunka ba in ka ja.

Mataki na huɗu: ƙafa da makunnai

Feda mai lilo ta tafi CC 11, ka ɗaura ta a kan fedar da ke cikin manhajar ogan, kada ka ɗaura ta a kan ƙarfin sautin layin gaba ɗaya. Dalili shi ne a ogan fedar tana gaban amfilifaya, don haka in ka taka ta sosai sautin yana ƙara kaushi da gurnani, in ka ɗaga ya yi laushi. Ka sani kuma fedar Yamaha FC7 da ta Roland EV-5 ba iri ɗaya aka haɗa wayoyinsu ba. In ka jona feda ka ga sauti yana tsalle daga shiru zuwa ƙarshe ba tsaka-tsaki, ba lalacewa ta yi ba, nemi wurin sauya nau'in feda a kibod ɗin.

Sai Leslie, lasifikar da Donald Leslie ya fara sayarwa a farkon shekarun 1940. A cikin akwatinta sauti yana rabuwa a wajen 800 Hz: na sama ya tafi ƙaho mai juyawa, na ƙasa ya tafi ganga mai juyawa. A gudu na hankali suna zagaye 40 zuwa 50 a minti, a na sauri ƙahon yana kai wa wajen 400, gangar wajen 340. Ƙahon ba shi da nauyi, cikin kamar daƙiƙa ɗaya ya kai gudunsa. Gangar sai ta ɗauki daƙiƙoƙi tana jan jiki. Wannan ɗan tsakanin, lokacin da ɗaya ya riga ya tashi ɗaya yana biyo shi, shi ne mafi daɗin abin da Leslie ke yi, kuma ba ya samuwa sai an sauya gudu ana cikin kiɗa. Ɗora makunnin a kan fedar riƙe sauti, tunda ogan ba ya buƙatarta. Zaɓi ko dai ya yi sauri muddin kana take da ita, ko kowane taku ya sauya. Na farkon ya fi wa mai koyo, domin ba zai manta Leslie a guje ba.

Makunnan kwantirola guda huɗu su tafi wajen Percussion, ɗan bugun da ke fitowa a bakin sauti ya ɓace: na kunnawa, na Soft mai rage ƙarfinsa, na Fast mai sa ya ɓace da sauri, da na zaɓi tsakanin Second da Third, wato muryar da bugun zai ɗauka. Saita su su zama masu zama inda aka sa su, ba masu komawa in an sake su ba, in ba haka ba bugun zai mutu kana ɗage yatsa. Abu biyu game da shi suna sa mutane su zaci manhaja ta lalace. Na ɗaya, a hawan sama kaɗai yake, kuma ba ya sake bugawa sai ka ɗage duk yatsunka daga maɓallan hawan. Na biyu, kana kunna shi sanda ta tara take yin shiru. Haka B-3 na asali yake, manhajar gaskiya ta bi.

Abin murɗawa ɗaya ya tafi wajen zaɓin V1 zuwa V3 da C1 zuwa C3, wato matakan karkarwar sauti (Vibrato da Chorus), ka bar shi a C3, makunni ɗaya ya riƙa kunna shi. Wani abin murɗawar ya riƙe Drive, mai ƙara wa sauti kaushi.

Mataki na biyar: koya wa hannun hagu aikinsa

Duk abin da ya gabata aikin yini ɗaya ne. Wannan shi ne na watanni. Mai kalangu hannu ɗaya ke bugu, amma hammatar da ke matse tsirkiya ita ke sa gangar ta yi magana. Haka hannun da ke kan sanduna yake.

Fara da 888000000, Leslie a hankali, C3 a kunne. Riƙe kod ɗaya da hannun dama, kada ka sake shi. Da ɗan yatsa guda jawo sanda ta tara daga 0 zuwa 8 cikin bugu huɗu, ka mai da ita cikin bugu huɗu. Saurari yadda wani siririn fito ke hawa saman kod ɗin. Yi haka da ta huɗu: 888800000 ya fi cika, shi ne haɗin da ke ratsa ganguna da jita ya fito. Sannan ka rufe allon kwamfutar ko ka juya shi gefe, ka ci gaba. Muddin ido ne ke gaya maka inda sanda take, kunne ba zai koya ba.

In wannan ya zauna, koma ga kamu. Yatsu huɗu a kan huɗun ƙarshe, ka jawo su tare zuwa wajen 5 ko 6, sannan ka mai da su da gefen tafin hannu a bugu ɗaya. Ba sai sun tsaya daidai wa daida ba. Gwanaye ba lamba suke nema ba, siffa suke yi: gangara daga hagu zuwa dama don sauti mai taushi, kwari a tsakiya irin 800000888 don sauti mai kauri a ƙasa da ƙyalli a sama, ko duka a waje, 888888888, wanda ya kamata a ɓoye shi sai waƙa ta kai ƙololuwa. Gwada 008080800 ma, za ka ji wani sauti mai rami a ciki kamar na kilarinet, mai kyau a ƙarƙashin murya guda.

Abin da za ka lura nan da nan shi ne duk sandar da ka jawo ƙarfin sauti ƙaruwa yake. Don haka hannu da ƙafa tare suke tafiya: kana jawowa kana ɗan ɗaga feda, in launi kake so ka sauya ba ƙara ba. In kuwa so kake ka ɗaga ɗakin gaba ɗaya, bar su su hau tare.

Ga yadda za ka bi waƙa mai baiti da amshi. A baiti zauna a 888000000 ko ƙasa da haka, 808000000 ma ya isa, feda a rabi, ka bar wa mawaƙi sarari, domin sandunan sama a unguwa ɗaya suke da muryar mutum. Saura bugu huɗu a shiga amshi, taka Leslie. Kada ka jira amshin ya fara, tunda gangar tana buƙatar lokaci. A bugu biyun ƙarshe jawo na saman. Amshi ya ƙare, saki Leslie a kan dogon kod na ƙarshe, ka bar shi yana saukowa, ka tura sandunan ciki daidai inda mawaƙi ya ja numfashi. Sauyin da aka yi a gurbin numfashi ba ya tsone kunne, wanda aka yi a tsakiyar kalma kuwa kowa zai ji shi. Kuma ba kowane layi ne ke son a taɓa sanda ba. Sabon mai kwantirola yakan yi ta ja da turawa har mai sauraro ya gaji. Sauyi biyu ko uku a inda suka dace sun wadatar da waƙa.

In kai kaɗai ne, hagu tana riƙe da bes, to lokacinka ɗan kaɗan ne. Nemi inda bes ke da dogon sauti ko hutu, ka ɗaga hannu ka ja ka dawo. A irin wannan hali ƙafa ce za ta ɗauki yawancin aikin.

Wajen naɗi, ɗauki maɓallai da sanduna da feda a tafiya ɗaya. Ana iya kaɗa maɓallai tukuna a dawo a bi da sanduna daga baya, kuma yana fitar da mutum kunya, amma yadda kake danna kod yana sauyawa ne da sautin da kake ji a lokacin, kuma wannan ba ya dawowa a zagaye na biyu. Ogan na lantarki ba baƙo ba ne a wannan yanki: makaɗi Mamman Sani na Yamai da ogan ƙirar Orla ta Italiya ya naɗi kaset ɗinsa a 1978, da hannunsa a kan na'urar. Kayan da ke gaban matashin situdiyo a yau sun ninka nasa, saura hannu ya hau kansu.

In abu ya ƙi

Kafin ka zargi kowa, buɗe manhajar da ke nuna saƙonnin MIDI, MIDI-OX a Windows ko MIDI Monitor a Mac, ka motsa silaida. In lambobi suna fitowa, kwantirola lafiya take, matsalar tasha ce ko lambar CC. In ba sa fitowa, waya ce ko ramin USB. A Windows sau da yawa manhaja ɗaya ce ke iya riƙe na'urar MIDI a lokaci guda, don haka rufe ta saita kwantirola kafin ka buɗe ta ogan.

In ka ga sanda tana rawa a allo ba wanda ya taɓa ta, ƙura ce ta shiga silaidar, kuma da hunturu abin ya fi yawa. Fesa mata maganin wanke makunnan lantarki kaɗan, ka yi ta kai da kawo da ita, kuma ka riƙa rufe na'urar da ƙyalle in an tashi. Man inji ko kananzir kada su kusance ta.

Gurnanin da ke shiga lasifika in an tada janareta yawanci ta cajar laftof yake bi. Zare cajar ka ji: in ya ɗauke, yi kiɗan a kan batir, ko ka sa akwatin DI, mai datse irin wannan gurnani, tsakanin saun kad da mikisa. In lasifikokin wurin taro duk layi ɗaya suke ɗauka, sa fitar Leslie ta zama mono tun daga cikin manhaja, ka saurara kafin mutane su shigo, don juyawar da ta yi daɗi a hedfon tana iya zama rawar sanyi a fili. Adana saitin kwantirolar a fayil, ka rubuta lambobin CC ɗin a takarda ka manna a ƙarƙashinta, kuma ka riƙa tafiya da wayar USB ta biyu a jaka.